Tun Ran Gini Ran Zane: Amosanin Idon Sawu da Hanyoyin Magance Shi

A watan Mayu na shekarar 1993, a birnin Munich na ƙasar Jamus, Marco van Basten ya buga wa ƙungiyar AC Milan wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai, yana da shekara 28 da haihuwa. Shi ne ɗan ƙwallon ƙasar Holan da aka zaɓa gwarzon Turai har sau uku, a 1988 da 1989 da kuma 1992. Daga wannan rana bai sake buga wasan gasa ba. Ya shafe shekara biyu yana kai da komo tsakanin likitoci saboda idon sawunsa na dama, aka yi masa tiyata iri-iri, amma ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har a watan Agusta na 1995 ya sanar da cewa ya bar ƙwallo. Bai sami sauƙi ba sai a 1996, lokacin da ya yarda aka haɗe masa ƙasusuwan gaɓar suka zama ɗaya. Ya rasa motsin idon sawu, ya sami barci da tafiya, har daga baya ya horar da ƙungiyar ƙasarsa daga 2004 zuwa 2008.

Idan mutum mai dukiya da manyan likitocin Turai a hannu ya sha wannan wahala, ina ga ɗalibin da ya karye a filin makaranta, ko ɗan acaɓar da babur ya danne wa ƙafa? Akwai abubuwa uku da ya kamata a tsaya a kansu. Na farko, mafi ingancin maganin amosanin idon sawu shi ne wanda aka yi a ranar da ƙafa ta ji rauni, shekaru da yawa kafin ciwon ya bayyana. Na biyu, idan ciwon ya riga ya kama, magani hawa-hawa ne, ana farawa da mai sauƙi. Na uku, sabon magani mai tsada ba lalle ne ya fi tsoho ba.

Yadda gaɓar take

Idon sawu mahaɗar ƙasusuwa uku ce. Akwai babban ƙashin ƙwauri, wanda masana ke kira tibiya, da siririn ƙashin da ke gefensa ta waje, wato fibula. Ƙarshen waɗannan biyun su ne ƙulluttan nan da ake gani dama da hagu na idon sawu. Su biyun sun yi wani gurbi, cikinsa kuma ƙashi na uku mai suna talus yake zaune, kamar yadda ƙota take zama daram cikin ruwan gatari. Jijiyoyi masu ƙarfi ne suke ɗaure da su ta kowane gefe. Fuskokin ƙasusuwan da ke gogar juna lulluɓe suke da guringuntsi mai santsi, wanda kaurinsa bai kai milimita 2 ba, ga kuma wani ruwa mai yauƙi da ke yi musu aikin da baƙin mai yake yi wa inji.

Faɗin wurin da ƙasusuwan idon sawu suke taɓa juna bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku na faɗin na gwiwa ko na kwatangwalo ba. Duk da haka, a yayin tafiya nauyin da ke sauka a kansa yakan kai ninki huɗu zuwa biyar na nauyin jiki. Wato ɗalibi mai nauyin kilo 60 yana ɗora wa wannan 'yar gaɓa abin da ya kusa kilo 300 a wani sashe na kowane taku. Gaɓar tana jure wannan ne saboda ƙasusuwanta sun dace da juna sosai, nauyi yana bazuwa ko'ina daidai wa daida.

Matsalar ita ce guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini. Fata takan warke, ƙashi yakan haɗe, amma guringuntsi idan ya lalace ba ya komawa yadda yake. Tun a 1743 likitan nan William Hunter ya lura da haka, kuma har yau ba a sami ƙwaya ko allurar da aka tabbatar tana mayar da guringuntsin da ya cinye ba. Idan ya ƙare, ƙashi ya riƙa gogar ƙashi, sai ciwo da kumburi da sandarewa su biyo baya. Wannan shi ne amosanin gaɓa.

Daga ina ciwon yake tasowa?

Amosanin gwiwa da na kwatangwalo galibi tsufa da ƙiba da gado ne ke kawo su. Na idon sawu ya sha bamban. A 2005, Saltzman da abokan aikinsa na Jami'ar Ayowa ta Amurka sun bi tarihin majiyyata 639, suka tarar kashi 70 cikin 100 tsohon rauni ne sanadin ciwonsu, kashi 12 amosani ne irin na rikicewar garkuwar jiki, kashi 7 kacal ne ciwon ya zo musu haka nan ba tare da wani sanannen dalili ba. Wani binciken da aka buga a 2009 daga ƙasar Suwizalan ya sami kashi 78 cikin 100 na masu tsohon rauni. A can Suwizalan ɗin kuma an ƙididdige cewa tsakanin karayar idon sawu da lalacewar gaɓar gaba ɗaya, matsakaicin lokaci ya kai kimanin shekara 21.

A nan ya kamata ɗalibi ya yi lissafi. Wanda ya karye yana da shekara 17, ciwon zai iya riskarsa yana ɗan 38, daidai lokacin da iyali da iyaye suka dogara a kansa. Kuma ba ƙaramin ciwo ba ne, domin wani bincike da aka yi a Kanada a 2008 ya nuna cewa amosanin idon sawu da ya kai matuƙa yana tauye rayuwar mai shi gwargwadon yadda na kwatangwalo yake yi.

Yadda rauni ke zama amosani ya fito fili a wani gwaji da Ramsey da Hamilton suka buga a 1976. Sun nuna cewa idan ƙashin talus ya goce gefe da milimita 1 kawai, faɗin wurin da yake taɓa ƙashin ƙwauri yana raguwa da kashi 42 cikin 100. Duk wanda ya yi darasin matsi a ajin fiziks ya san cewa matsi shi ne nauyi a raba da faɗi. Idan nauyi bai canza ba, faɗi kuwa ya koma kashi 58 cikin 100, to a sauƙaƙen lissafi matsi ya ƙaru da kimanin kashi 70 cikin 100. Guringuntsin da ke ɗauke da wannan ƙari, taku dubbai a kowace rana, shekara da shekaru, ba makawa ya zaizaye. Milimita 1 kuwa ido ba ya ganinta, yatsa ba ya jin ta cikin ƙafar da ta kumbura.

Targaɗe ma yana da nasa rabon. Jijiyar da ta yage ba ta warke da kyau ba takan bar gaɓa tana kwaɓewa. An sami bincike da ya nuna kimanin mutum 40 cikin 100 na waɗanda suka yi targaɗen farko suna fama da wannan rashin ƙarfi bayan shekara guda. Kowace kwaɓewa kuma tana ƙara cin guringuntsi.

A fara sanin irin ciwon

Kafin a yi maganar magani, dole a tantance ciwo, domin a bakin jama'a kusan duk ciwon gaɓa sunansa sanyi ko amosani. Akwai amosanin rikicewar garkuwar jiki, inda sojojin jiki ke yaƙar gaɓoɓin mai su. Shi yakan kama gaɓoɓi da yawa, musamman yatsu, dama da hagu, tare da sandarewar da ke daɗewa da safe, kuma yana da magunguna na musamman irin su metotirekset, waɗanda idan an fara su da wuri suna hana gaɓa lalacewa. Akwai ciwon gawut, wanda taruwar sinadarin yurik asid ke jawowa, yana tashi farat ɗaya da zafi mai tsanani, ana kuma shawo kansa da magani irin su alofurinol. Tarin fuka ma yakan shiga gaɓa. Sannan akwai shigar ƙwayoyin cuta, inda gaɓa ke kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi. Wannan na gaggawa ne, don mugunya tana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki, kuma masu amosanin jini, wato sikila, sun fi shiga haɗarin kamuwar ƙashi da gaɓa da ƙwayoyin cuta. Bambance waɗannan sai da gwajin likita, da hoton ƙashi wanda aka ɗauka mutum yana tsaye, wani lokaci da gwajin jini ko na ruwan gaɓa. Wanda ya sha maganin zafi wata shida alhali tarin fuka ne ke cin gaɓarsa, ya ɓata lokacin da ba zai dawo ba.

Hawa na farko: abin da ba ya bukatar wuƙa

Mafi yawan masu amosanin idon sawu za su daɗe suna harkokinsu ba tare da tiyata ba, muddin sun kiyaye wasu abubuwa. Na farko shi ne rage ƙiba ga mai ita. Tunda gaɓar tana ɗaukar ninki huɗu zuwa biyar na nauyin jiki, wanda ya rage kilo 5 ya sauke mata abin da ya haura kilo 20 a kowane taku. Na biyu shi ne sauya irin motsa jiki. Gudu da tsalle a kan busasshiyar ƙasa suna ƙara ciwo, amma hawan keke da iyo suna ƙarfafa nama ba tare da dukan gaɓa ba. Zama wuri guda kuskure ne, domin gaɓar da ba ta motsi sandarewa take yi, naman da ke riƙe da ita kuma ya saki. A sashen gashin ƙashi na asibiti ana koyar da atisayen ƙarfafa sharaɓa da na daidaita tsayuwa.

Na uku shi ne takalmi da abin ɗaure gaɓa. Takalmi mai taurin ƙasa, wanda aka ɗan lanƙwasa gindinsa kamar na kwalekwale, yana mirgina ƙafa gaba ba tare da idon sawu ya yi aiki da yawa ba. Silifas mai laushi ba ya yin haka. Akwai kuma abin ɗauri na fata ko na roba da ke rage motsin gaɓar. Sanda ita ma magani ce, ana kuma riƙe ta ne a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ƙafar mai ciwo ba. Jama'a sukan raina waɗannan abubuwa saboda ba su da kwarjinin allura, alhali su ne ba sa taɓa ciki ko ƙoda.

Hawa na biyu: ƙwayoyi da allurai

Farasitamol yana ɗan rage ciwo, amma amfaninsa ga amosani ƙalilan ne, kuma wuce giram 4 a yini ga babba yana iya lalata hanta. Magunguna irin su ibufurofen da daikulofenak sun fi shi ƙarfi, domin suna kwantar da kumburi. Sai dai shan su kullum na tsawon watanni yana jawo gyambon ciki da zubar jini, yana raunana ƙoda, yana kuma tayar da hawan jini. Da yake idon sawu kusa yake da fata, irin waɗannan magunguna na shafawa sun cancanci a fara gwada su, tunda kaɗan ne daga cikinsu ke shiga jini.

Babban abin tsoro shi ne haɗin ƙwayoyi da ake ƙulla wa mutane a leda ba suna ba takarda. Irin wannan haɗi yakan ƙunshi maganin zafi biyu ko uku masu aiki iri ɗaya, wani lokaci har da sitiroyid. Mai ciwo zai ji garau, ya ɗauka ya dace. Amma shan sitiroyid na dogon lokaci yana kumbura fuska, yana tayar da sukari da hawan jini, yana rage ƙarfin ƙashi, yana ma iya kashe kan ƙashin cinya. An tafi neman maganin gaɓa ɗaya an dawo da cuta uku.

Allurar sitiroyid da likita ke yi cikin gaɓar kanta daban ce. Takan kawo sauƙi na makonni ko 'yan watanni, tana da amfani ga wanda ciwo ya tasar wa. Amma ba a yawaita ta. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2017, masu amosanin gwiwa 140 aka raba biyu, aka riƙa yi wa rabi allurar duk mako 12 har shekara biyu, rabin kuma ruwan gishiri. Waɗanda aka yi wa sitiroyid sun fi asarar guringuntsi, ciwonsu kuma bai fi na sauran raguwa ba.

Akwai kuma allurai masu tsada da ake tallatawa. Ɗaya ita ce ta ruwan yauƙi mai kama da na gaɓa, wadda hujjar amfaninta ga idon sawu rarrauna ce. Ɗayar kuma ita ce wadda ake ɗibar jinin mutum a tace a mayar masa cikin gaɓa. A 2021 aka buga sakamakon gwajinta a Holan a kan mutum 100 masu amosanin idon sawu, bayan mako 26 ba a ga ta fi allurar ruwan gishiri ba. Don haka wanda zai sayar da akuya ko buhun gero domin allura, ya cancanci a gaya masa wannan kafin ya biya.

Hawa na uku: tiyatar ceton gaɓa

Idan guringuntsi bai gama cinyewa ba, akwai tiyatar da ke ƙoƙarin tsawaita ran gaɓa. Ana iya shiga da siririyar kyamara ta 'yan ƙananan ƙofofi a kankare tsiron ƙashi da ke tokare gaban idon sawu, abin da ya yawaita ga 'yan ƙwallo. Wannan yana taimakon wanda ciwonsa sabo ne, amma ba ya amfanar gaɓar da ta riga ta ƙare. Idan kuma karaya ce ta haɗe a karkace har nauyi ya koma gefe guda, ana iya yanka ƙashin ƙwauri sama da gaɓar a miƙe shi, nauyi ya koma kan sashen da ke da sauran lafiya. Akwai kuma dabarar da likitocin Utrecht na Holan suka bayyana a 1995, inda ake kafa wa ƙafa zobban ƙarfe irin na likitan Rasha Gavriil Ilizarov, a buɗa gaɓar da kimanin milimita 5 har wata uku don ta huta. Wasu sun sami sauƙi da ita, wasu ba su samu ba. Shi kansa Van Basten an kafa masa irin waɗannan zobba, ba su fisshe shi ba.

Hawa na ƙarshe: a haɗe ko a sauya?

Idan ƙashi ya koma gogar ƙashi, ciwo ya hana aiki da barci, zaɓi biyu ne suka rage. Na farko shi ne haɗe gaɓa. Eduard Albert ne ya fara bayyana shi a 1879, John Charnley na Ingila kuma ya inganta shi a 1951 ta hanyar matse ƙasusuwan da juna. Ana kankare ragowar guringuntsi, a haɗa ƙashin ƙwauri da talus da kusoshi, tafin ƙafa yana fuskantar ƙasa sosai, a sa filasta na tsawon makonni har su zama ƙashi ɗaya. Kimanin 9 cikin 10 sukan haɗe. Wurin da ba ya motsi ba ya goga, ciwo sai ya kwanta. Sauran gaɓoɓin ƙafa suna ba da ɗan motsi, har mutane da yawa sukan yi tafiya cikin takalmi ba a gane ba. Amma akwai farashi. Gudu da hawan tudu da tsugune da zaman tahiya duk sukan yi wuya. Bugu da ƙari, maƙwabtan gaɓoɓi ne ke ɗaukar aikin, kuma wani bincike na 2001 da ya bi mutum 23 na matsakaicin shekara 22 ya tarar amosani ya kama gaɓoɓin da ke kusa a ƙafar da aka yi wa aiki.

Na biyu shi ne sauya gaɓa da ta ƙarfe da roba mai tauri. Lord da Marotte ne suka fara gwada shi a Faransa a 1970, sakamako bai yi kyau ba, har likitoci da yawa suka yi watsi da shi. Ƙirar zamani ta fi ta da nesa ba kusa ba, tana barin motsi, tana kuma sassauta wa maƙwabtan gaɓoɓi. Sai dai kayan ƙira suna cinyewa ko su saki. Alƙaluman ƙasashe daban-daban sun nuna tsakanin 70 da 90 cikin 100 ne ke nan daram bayan shekara 10, kuma gyaran wadda ta lalace babban aiki ne.

A 2022 aka buga sakamakon babban gwajin da ya gwama hanyoyin biyu a cibiyoyi 17 na Birtaniya, da mutum 303 masu shekara 50 zuwa 85. Bayan shekara guda duka ɓangarorin sun sami sauƙi mai yawa, ba a kuma sami tabbataccen bambanci tsakaninsu wajen tafiya da tsayuwa ba. Matsalar warkewar rauni da taɓuwar jijiyar ji sun fi yawa ga masu sauyi, daskarewar jini a jijiya ta fi yawa ga masu haɗi.

Masu goyon bayan sauyi suna cewa motsi ni'ima ce da bai kamata a salwantar ba, kuma gaskiyarsu ce. Ga dattijo mara ƙiba, mai ƙashi mai kyau da miƙaƙƙiyar ƙafa, wanda aikinsa ba na ƙarfi ba ne, kuma yake kusa da ƙwararren da zai riƙa duba shi, sauyi zaɓi ne mai kyau. Amma ga ɗan shekara 35 da ke huɗa a gona ko ɗaukar kaya a kasuwa, wanda gaɓar ƙarfe za ta iya lalacewa tun yana da sauran ƙarfi, haɗi ya fi dacewa. Aiki ne mai ƙarko, kayansa kusoshi ne da aka saba da su, likitocin ƙashi kuma sun daɗe suna yin sa. Wanda aka yi wa haɗi bai kamata ya ɗauka an ba shi na talaka ba, domin shi ne abin da gwarzon Turai ya ƙare da shi. Kowanne aka zaɓa, shan taba da ciwon sukari da ba a kula da shi ba suna hana ƙashi haɗewa da rauni warkewa.

Batun ɗori

A ƙasar Hausa, ƙafar da ta karye sau da yawa gidan mai ɗori take fara zuwa. Dalilan jama'a ba na wauta ba ne. Mai ɗori yana kusa, kuɗinsa da sauƙi, ana iya biyansa sannu a hankali, an kuma ga waɗanda ya ɗora suka miƙe. Asibiti kuwa da nisa, da layi, da kuɗi, ga tsoron da ya zauna a zukata cewa can yanke ƙafa ake yi. Gaskiya ne kuma cewa karaya da yawa, idan ba ta goce ba, za ta haɗe ko a hannun wa take, domin jiki ne ke haɗa ƙashi.

Sai dai karayar da ta shiga gaɓa hukuncinta daban ne. A nan haɗewa kaɗai ba ta wadatar, sai an haɗe daidai, kuma an ga abin da milimita 1 take jawowa. Komai ƙwarewar hannu, ba ya ganin cikin ƙafa. Mai ɗori zai sallami yaro yana tafiya, kowa ya yaba, amma sakamakon zai fito bayan shekara 20, lokacin da babu mai tuna ɗorin, sai a ce sanyi ne. Yankewar da ake tsoro ma sau da yawa ɗauri mai tsanani ne ke jawo ta, idan karan ɗori ya tare jini har nama ya mutu kafin a kai asibiti.

Adalci ya sa a faɗi cewa asibiti ma ba ya ba da tabbaci, don wani guringuntsin tun a lokacin buguwa yake lalacewa. Haka nan ba kowace karayar idon sawu ke bukatar tiyata ba, wadda ba ta goce ba filasta ko takalmin asibiti na kimanin mako shida ya ishe ta. Abin da ake nema shi ne hoto kafin ɗori. Yaƙi da masu ɗori ba zai kai ko'ina ba, abin da ya fi shi ne a koya musu gane karayar da ta fi ƙarfinsu su tura ta gaba. An gwada haka a kudancin Habasha, rahoton da aka buga a 2005 kuma ya nuna yanke gaɓoɓi saboda ruɓewar ɗori ya ragu bayan ɗan gajeren horo. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, da asibitocin koyarwa na jami'o'i, suna da ƙwararrun da za su iya jagorantar irin wannan.

Abin da ya rataya a wuyan makarantu

Malamin wasanni shi ne yakan fara ganin raunin, don haka ya kamata ya san ƙa'idar da likitocin Otawa ta Kanada suka fitar a 1992. Idan akwai ciwo a idon sawu, kuma yaro ya kasa yin taku huɗu da ƙafar, ko ya ji zafi idan an danna ƙarshen ƙullutun ƙashi na ciki ko na waje ko gefensu na baya, to a kai shi hoto. Idan ƙafa ta karkace, ko ƙashi ya huda fata, ko yatsu sun yi sanyi sun daina ji, ba a jira komai. Idan targaɗe ne kawai, a huta, a ɗora ƙanƙara cikin ƙyalle na minti 15 zuwa 20, a naɗe da bandeji ba tare da matsewa ba, a ɗaga ƙafar sama. Fizgar ƙafa da murza ta da ƙarfi a ranar farko ƙara ɓarna ne.

Kada a mayar da yaro fili don kawai kumburi ya saɓe. Atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya, ido buɗe sannan ido rufe, yana maido wa gaɓa saitinta. Wani gwaji na Holan da aka buga a 2009 a kan 'yan wasa 522 ya nuna irin wannan atisaye na mako takwas a gida ya rage maimaituwar targaɗe da kimanin kashi 35 cikin 100, kuma ba ya cin ko kwabo. Cike ramukan filin wasa ma aiki ne na yamma ɗaya.

Kammalawa

Mai amosanin idon sawu yana da hanyoyi da dama, daga rage ƙiba da gyaran takalmi, zuwa magani bisa shawarar likita, zuwa tiyatar haɗi ko ta sauyi. Kowace tana rage ciwo, babu wadda ke mayar da guringuntsin da aka haifi mutum da shi. Saboda haka hukunci mafi nauyi a kan wannan ciwo ba a ɗakin tiyata ake yanke shi ba. Ana yanke shi ne a bakin fili ko a gefen titi, a ranar da uba ko malami ya tsaya kan yaron da ya kasa taka ƙafa, yana shawarar inda za a nufa da shi. Kuɗin hoton ƙashi ɗaya a wannan rana bai kai komai ba idan aka gwama shi da na tiyatar da za ta iya biyo baya bayan shekara 20.